Yadda Goɗiyar Inna Ta Tashi Maƙerar Gidanmu

Kun taso kun tarar da ni ina ƙira a gindin tsamiyar bakin hanya, alhali ga tsohuwar maƙerar kakanninku a ƙofar gida, an mai da ita wurin ajiye kara da tsohon turmi. Na san abin da mutanen Dakko suka gaya muku. An ce faɗa muka yi da baffanku Shehu a kan gado, na kwashe kayana na fita cikin fushi. Masu ƙarin gishiri har cewa suke yi na ɗaga masa guduma, ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba tun da na yi wayo. Baffanku ya riga mu gidan gaskiya, ba shi da bakin da zai wanke kansa, ni kuma hannun da ya shekara hamsin yana riƙe awartaki ya fara rawa ko a kan alƙalami. Gara in rubuta muku tun ina iyawa. Ba gado ne ya fitar da ni ba, wata goɗiya ce, kuma manyanku ma lokacin ba su isa riƙe labari ba.

Kakarku, wadda muke kira Inna, tana da ƙane guda ɗaya a duniya, Kawu Labbo, can Faru ta wajen Maradun. Mutum ne mai fara'a da sakin hannu. Bai taɓa shigowa gidanmu ba tare da dunƙulen mazarƙwaila a aljihu ba, ko da na yi gemu sai ya miƙo mini nawa kamar yaro. Sana'arsa ke nan. Yana da injin matsar rake irin na da a bakin fadama, wanda ake ɗaura wa doki dogon itace a kafaɗa ya yi ta zagayawa, ruwan rake na tsiyaya, ana dafa shi a manyan kasake a gefe. Da masu injin fetur suka yawaita, aikinsa ya ja baya, ga tsufa, ga ciwo. A ƙarshen wani rani Allah ya karɓi abinsa. 'Ya'ya mata ya bari, don haka Inna ta samu rabonta, kuma abin da ya faɗo mata shi ne goɗiyar da ke jan injin, wadda babu wanda ya nuna yana so. Gunya ake ce mata, saboda launinta na farar ƙasa.

Inna ba ta iya tafiya lokacin, daga ɗakinta sai bakin zaure. Ni aka tura zaman makoki, na yi kwana bakwai. A lokacin ana bin hanyar Faru ba tare da an waiwaya ba. Ranar da zan dawo aka kai ni bayan rumfar injin aka nuna mini ita. Haƙarƙarinta duk a waje, ga miki a kafaɗa inda itace ya ci, ga gefen bakinta a tsage saboda linzami, ga zanen lalas a ƙafafu da cinyoyi. Lalas shi ne ƙarfen da ake sa wa a wuta ya yi ja a ɗora wa dabba inda ake zaton ciwo yake. Na ga duk wannan da idona, amma ban tsaya na duba ba, don a garuruwanmu wace dabbar aiki ce ba ta da zane biyu ko uku? Na kama ragamarta, ta biyo ni. Kwana biyu muna tafe a ƙasa, muka yada zango gidan wani abokina a Ruwan Gizo, ba ta yi mini gardama ko sau ɗaya ba. Na shigo Dakko ina hura hanci, ina gaya wa duk wanda ya tsaya cewa dabba tana gane mai hannun kirki.

Inna ta sa aka kafa mata turke daidai ƙofar ɗakinta. Ta fito da sanda tana dogarawa, ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce mini:

"Auta, abin da ɗan'uwana yab bar min ke nan. Ka riƙe min ita da kyau."

Ina da shekara arba'in saura kaɗan, amma a bakin Inna ban taɓa wuce Auta ba.

Na riƙe ta da kyau, a ganina. Na sayo harawa mai ganye, na auno dusa, na nemo kanwa, na gyara mata ƙasan wurin da yashi. Abin da ban sa a lissafina ba shi ne katanga guda ce tsakanin turkenta da maƙerarmu. Da safe baffanku zai zauna a kan zuga-zugi ya hura wuta, ni in kama guduma, kuma wanda ke cikin maƙera ba ya jin komai sai ƙarar kansa. In na shigo cin abincin rana sai in tarar da ita jiƙe sharkaf da gumi, ta zagaya turke har ta haƙa rami da kofato, harawa na nan yadda na zuba. Ina matsowa sai ta kwantar da kunnuwa, ta miƙe a kan ƙafafun baya, idonta ya juye fari. Dabbar da ta biyo ni tun daga Faru kamar tunkiyar gida, yanzu ko inuwata ba ta son gani. Abin ya ci mini rai ƙwarai, don ni mutum ne mai son a gode mini. Da damina ta fara, sauro ya yi yawa, sai na ƙara da abin da duk mai doki na kirki yake yi, kullum kafin magariba in tara ɗanyen ganye da busasshen kashin shanu in kunna mata hayaƙi kusa da turke. Ina kunnawa tana fizga, ni kuma ina ce mata butulu.

Mahaifiyarku Kulu kaɗai ke iya zuwa kusa da ita, kuma ba da wata dabara mai suna ba. Faifanta take ɗauka ta je ta zauna nesa kaɗan, ta juya wa goɗiyar baya, ta yi ta tsintar shinkafa tana 'yar waƙarta. Yau nan, gobe ta matsa taku ɗaya. Ba ta kallonta, ba ta miƙa mata hannu. Sai da aka yi kusan mako uku a haka, ran nan goɗiyar da kanta ta miƙo wuya ta shinshina mata ɗankwali. Daga nan ta samu ta riƙa wanke mata mikin da ruwan gishiri tana shafa man kaɗanya. Sau ɗaya ta gwada yi mini magana ina cin tuwo.

"Malam, da ka bar hayaƙin ga kwana biyu mu gani."

"Ke Kulu, gidanku ko jaki ba a taɓa ɗaurewa ba. Mi kis sani ga doki?"

"Ban san komi ba," in ji ta. "Ƙara miya?"

Kun san mahaifiyarku. In ta ce ba ta san komai ba, to ta gama sanin abin, jira take yi ka gaji.

Baffanku ya girme ni da fiye da shekara goma. Tartsatsin wuta ya riga ya ci masa ido, ba ya iya dukan ƙarfe kuma, amma zuga-zugi a hannunsa yake, kuma maƙera ita ce fadarsa. Nan abokansa ke taruwa tun hantsi, mai jiran fartanya da wanda ba ya jiran komai, a yi hirar ruwa da ta farashin taki, a yi wa wanda bai zo ba tsiya. Shi ne babban gida tun rasuwar mahaifinmu. Da goɗiya ta cika wata biyu tana ramewa maimakon ta yi ƙiba, sai ya yanke hukunci irin wanda ubanmu zai yanke, kuma irin wanda ni ma na yarda da shi.

"Bisag ga ciwonta cikin kai shi ke. A aza mata ƙarhe bayan kunne, sau guda, ta samu lahiya."

Ranar Laraba ce da hantsi. Baffanku ya shiga ya riƙe igiya, ni na sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, na ɗauko na ratso zaure da shi. Wallahi da niyyar magani na ɗauko shi. Tana hango ni ba ta yi haniniya ba, ba ta yi tsalle ba. Tsayawa ta yi cak, jikinta duka ya ɗauki rawa, fitsari ya zubo mata. Na ƙara taku biyu. Sai ta fizga gaba ɗaya, turken ya tumɓuko da ƙasarsa, igiyar ta ja baffanku ta maka shi a jikin turmi. Ƙofar zaure a buɗe take, da ta so da ta fice ta shiga daji. Ba ta fita ba. Zagaye ta kama yi a tsakar gida, turke na jan ƙasa a bayanta, zagaye ɗaya bayan ɗaya daidai faɗin na injin rake, don a iya saninta in ƙarfe ya fito daga wuta, abin da ake so da ita ke nan. Ni kuwa ina tsaye riƙe da abin a hannu kamar gunki. Mahaifiyarku ce ta fito daga madafa, ta tsaya a gabana.

"Malam, hita da abin ga. Hita waje."

Shekara goma sha biyu da aurenmu ba ta taɓa ba ni umarni ba sai ranar. Na fita.

Baffanku ya karye a wuyan hannu. Da mai ɗori ya gama aikinsa ya tafi, ya sa aka kira ni ƙofar ɗakin Inna, don ta ji da kunnenta. Ya ce ranar Talata za a kai goɗiyar kasuwar Mafara a ba masu lodin dawaki da jakai zuwa kudu. Dukanmu mun san waɗanda ake lodawa a motocin nan ba hawa ake kai su a yi ba. Ya ce yau hannunsa ne, gobe kan ɗan wani ne, kuma ba zai zauna da abin da zai jawo wa gida magana ba. Babu wanda zai ce bai faɗi gaskiya ba. Inna ba ta kama sunansa, ɗan fari ne, ko kallonsa sosai ba ta yi. Ƙasa ta duba ta ce:

"Ni ban hana ba. Mai gida ya yi magana. Dama dai in na buɗe ƙohwa da sahe ina ganin wani abu na Labbo."

Ta ja ƙyaure ta rufe. A ranar ba ta ci abincin dare ba, ni ma abin da na ci kaɗan ne.

Washegari da la'asar mahaifiyarku ta kawo mini ruwan wanka, ta tsaya maimakon ta wuce.

"Gobe Jumma'a. Kak ka yi sammakon tahiya Bakura. Ka yi wanka, ka sa rigarka ta masallaci, ka zamna ƙohwar Inna ka yi shiru. Shirun na am mai wuya, na sani, amma ka gwada."

Mu maƙera ba ma hura wuta ranar Juma'a, haka muka gada. Ni da baffanku tun da sassafe muke hawa keke mu tafi Bakura, mu gaisa da mutane, mu yi salla, sai yamma mu dawo. Don haka ban taɓa ganin gidanmu da safiyar Juma'a ba tun zuwan goɗiyar. Na yi yadda aka ce. Na zauna a kan tabarma cikin farar riga, ina jin kaina kamar baƙo. Gari shiru, ba zuga, ba guduma, ba ƙaurin gawayi. Ina kallo Gunya ta sunkuyar da kai ta kama cin harawa, a hankali, tana kaɗa wutsiya. Ta cinye, ta sha ruwa, ta ɗago ta dube ni, ta koma ga abincinta. Mahaifiyarku ta zo ta tsuguna gefena tana magana ƙasa-ƙasa.

"Duk Jumma'a hakanan taka ci. Abin da ar riƙe ta da rai ke nan wata biyu. Da kat taho da ita daga Hwaru, kwana nawa kay yi ba ka shiga maƙera ba?"

"Bakwai. Da na hanya tara."

"Wace riga ag gare ka?"

Na dubi rigar da ke jikina. Ita ce.

"Ba kai ta ƙi ba, Malam. Warin wuta da ƙarhe taka ji gare ka. Taso ka ga wani abu, amma ta gehe za ka zo, kak ka zo mata ta gaba."

Ta riƙe kan goɗiyar a ƙirjinta tana shafa mata goshi, ni kuma na matso, karon farko cikin wata biyu na tsaya kusa da ita har ina jin ɗumin jikinta. A nan na duba abin da na gani a Faru ban duba ba. Zanen lalas ɗin ba biyu ba ne, ba uku ba. Wani a kan wani, tsoho da sabo, daga gwiwa har kafaɗa, na fara ƙirgawa na bari. Kuma kowane zane a ƙarshensa akwai 'yar lanƙwasa kamar jinjirin wata. Ku sani kowane maƙeri yana gane aikin hannunsa ko a cikin dubu. Ni kaɗai ne a yankinmu nake lanƙwasa bakin ƙarfen lalas haka, wai don kada tsininsa ya nutse cikin nama, kuma ina alfahari da wannan dabara, ina ganin tausayi ne. Guda uku na ƙera wa Kawu da hannuna, kyauta, shekarar da ya sayi goɗiyar. Ya sa mini albarka har sau biyu.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa da farar rigata ba. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji a gaban mutum ba, ga shi a gaban dabba nake jin ta. Na daɗe ina tunanin Kawu tun daga ranar, kuma ina so ku fahimce shi, kada ku tsane shi. Ba mugu ba ne. Goɗiya za ta wuni tana zagaye har ƙafa ta gaza, ta fara ɗingishi. Maganin gajiya hutu ne, amma rake ba ya jira, in an sare shi dole a matse. Sai ya sa ƙarfe a wutar da ake dafa mazarƙwaila ya ɗora mata. Zafi ya sa ta zabura ta ci gaba da ja, shi kuma ya ce alhamdu lillahi, magani ya ci. Gobe ta sake gazawa, ya sake yi mata magani. Da zuciya ɗaya yake yi, yadda ni ma na ratso zaure da zuciya ɗaya. Yawancin azabar da na ga an yi wa dabbobi a rayuwata ba daga masu baƙar zuciya ta fito ba, daga irinmu ta fito, masu sauri da tabbacin cewa mun sani. Ranar da kyar na samu Juma'a a Bakura, a sahun ƙarshe, cikin rana.

A hanyar dawowa na juya maganar ta kowane gefe. In kai ta gona in ɗaure, ɓarayi su kwance ta kafin sati. In kai ta gidan maƙwabci, ƙarar gudumata har bayan gari ake jin ta, kuma Inna ba za ta iya zuwa ganinta ba. Da na cire duk abin da ba zai yiwu ba, abu ɗaya ya rage, kuma na san nauyinsa. Na tarar da baffanku a cikin maƙera shi kaɗai, hannu a ɗaure da karare, yana zaune a mazauninsa ko da yake ba wuta. Na durƙusa muka gaisa, na tambayi hannu, na tambayi kwanan jiya, ya tambayi mutanen Bakura ɗaya bayan ɗaya. Sai da gaisuwa ta ƙare sarai na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce ina so in fitar da wutar maƙera daga gidan.

"Wutag ga tun kakanmu ba ta tashi daga wurin ga ba. Yunwa ba ta tashe ta ba, annoba ba ta tashe ta ba. Kai za ka tashe ta don bisa?"

"Yaya, ƙarhen da anka ƙone ta da shi, ni niƙ ƙera shi."

"To? Wuƙa nawa kaƙ ƙera? Duk wanda anka yanka da ita kai aka tambaya?"

"Wanga dai na gani da idona. Ka ba ni zuwa Talata. In ba ta natsu ba, ni da kaina ni ka jan ta zuwa Mahwara."

"In ta natsu hwa?"

Ya san amsar. In ta natsu, wuta ba za ta dawo ba muddin tana raye.

"Uwar maƙera ba ta hita gidan ga," in ji shi. "Sauran, kwashi abinka."

Uwar maƙera ita ce dunƙulen ƙarfen da ake dukan aiki a kai, kuma tamu tun ta kakan kakanku ce. Na bar ta inda take. Ranar Asabar da safe na loda zuga-zugi da awartaki da gudumomi a baro, na tura har gindin tsamiya, na kafa wani guntun ƙarfen tarakta da na daɗe da ajiyewa a madadinta. Kafin azahar labari ya gama gari. Wani ya tsaya a kan babur ya tambaye ni ko gaskiya ne amarya aka yi mini mai ƙafa huɗu ta kore ni daga gida. Wannan bai dame ni ba, na iya ramawa. Daga ranar kuma ban sake ƙera ƙarfen lalas ba, ko linzami mai ƙaya, kuma na rasa masu saye da dama a kan haka, shi ma na haɗiye. Abin da ban hango ba shi ne abokan baffanku. Ashe wuta suke bi. Cikin kwana kaɗan duk suka dawo gindin tsamiya da hirarsu, shi kuwa ya rantse ba zai taka wurin ba, kuma bai taka ba har ya bar duniya. Kullum in na fito da safe sai in gan shi zaune a maƙera mai sanyi, shi da uwar maƙera, yana jan carbi. Shekara biyu tsakanina da shi ba abin da ke wucewa sai gaisuwa. Daga baya mun koma muna hira har da dariya, amma abin da na ɗauke masa ban iya mayar masa ba. Ina son yayana, kuma na san na rage masa daɗin shekarunsa na ƙarshe. Wannan yana cikin abin da nake roƙa wa gafara har gobe.

Amma a wancan makon ban san ko duk wannan zai yi amfani ba. Asabar ta ci abinci. Lahadi ta ci, amma murfin tukunya ya faɗi a madafa, ta zabura ta yi zagaye goma kafin ta tsaya. Na daina hayaƙi, mahaifiyarku ta ɗinka mata wani abu da tsofaffin buhuna tana rufa mata saboda sauro. Ni kuma aka kafa mini doka, in na taso daga aiki ba na shiga tsakar gida sai na yi wanka a bayan zaure na sauya riga. Mahaifiyarku ta ce ita shekara goma sha biyu tana fama da ƙaurina ba wanda ya tausaya mata, ga wata ta zo wata biyu ta samu. Litinin ta yi, ba ni da wani abin da zan nuna wa baffanku in ce ga shaida. Cin harawa ba shaida ba ne ga mutumin da hannunsa ke ɗaure. Na yi alkawari kuma, kuma ni ba na saɓa alkawari.

Talata da sassafe, rana ta ɗan fito, dillalin da baffanku ya aika wa ya yi sallama da igiyarsa a kafaɗa. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, yashin wurin turke ya sha iska ya yi laushi. Muka shigo mu uku. Inna tana bakin ƙofarta a zaune, ta sa mayafi kamar mai rakiyar gawa. Mahaifiyarku ta zuba gero a turmi ke nan za ta fara dakan fura. Na nufi turke in kwance igiya da hannuna yadda na ce. Saura taku biyar, sai goɗiyar ta sunkuya ta shinshina ƙasa, ta tona da kofato sau biyu, ta lanƙwashe gwiwoyin gaba, ta zube.

"Inna lillahi," in ji dillalin. "Ciwon ciki na. Wagga ba ta kai Mahwara."

Sai ta juya ta yi birgima, ƙafafu huɗu a sama, ta koma ɗaya gefen, ta sake juyowa, yashi na tashi. Ta yi wani dogon numfashi da na ji har cikin ƙirjina. Sannan ta miƙe wuya a kan yashin, ta saki ƙafafu, idonta ya lumshe.

Baffanku ba ya gani sosai daga inda yake. Ya dafa kafaɗata da hannunsa mai lafiya, abin da ya kwana shida bai yi ba.

"Mi taka yi? Ta mutu?"

Mahaifiyarku ce ta amsa, da raɗa, taɓarya a hannunta.

"Kwana taka yi, Yaya. Tun da taz zo gidan ga ba ta taɓa aza haƙarƙarinta ƙasa ba, ko sau guda. Kullum da sahe ni kan duba jikinta, ban taɓa ishe ƙasa ba. Tsaye taka kwana, tana jiran a zo."

Ni da nake cewa ni ne mai riƙonta, ban taɓa lura da haka ba. Baffanku ya sake ni, ya taka a hankali har kusa da ita, kusa fiye da yadda zan bar shi da na yi tunani. Ya karkata kai yana saurare. Gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai numfashinta, mai nauyi, a jere, har da ɗan minshari. Ya daɗe a tsaye a wurin. Da ya juyo, da baya-baya ya fara takowa, yana ɗaga takalmi kada ya yi ƙara. Ya kama hannun dillalin ya ja shi zuwa zaure, na ji yana ce masa ƙasa-ƙasa:

"Yi haƙuri, malam, mun tashe ka da sahe a banza. Ka gaida mutanen kasuwa."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na motsi, ban san ko kuka take yi ko dariya ba, ina jin duka biyun ne. Mahaifiyarku ta jingine taɓarya a bango a hankali ta zauna kusa da turminta. Ni ma ban tafi gindin tsamiya ba. Baffanku ya dawo ya samu gefen tabarmar Inna ya zauna, bai dube ni ba. Haka muka zauna mu huɗu muna gadin barcin goɗiya, rana na hawa. Ba a yi daka a gidanmu ba sai da ta tashi don kanta ta kakkaɓe jiki, kuma ranar sai kusan azahar muka sha fura. Baffanku, wanda in furarsa ta yi jinkiri kaɗan har maƙwabta sai sun ji, bai ce uffan ba.